Abin da Murjanatu Ta Rubuta Bara

Murjanatu ta faɗi darasi ɗaya bara, makaranta ta ce ta sake shi bana. In ta kuma faɗuwa an sallame ta, shekara ukun da ta yi tana koyon malanta sun tafi a banza.

Jikata ce, 'yar ɗana Harisu. Ubanta direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai kwana gida ba, don haka maganar gidan a bakina take. Ranar da sakamako ya fito na tara mutanen gida a tsakar gida. Na ce lalaci ne. Na ce waya ce ta cinye mata hankali. Tana durƙushe, ba ta ce uffan ba.

Bana, ranar Alhamis ta dawo garinmu Kongolam da takardunta. Jarrabawar ranar Litinin ce. Ta ce ɗakin kwanan ɗalibai ya cika surutu. Ta jawo tabarma ta shimfiɗa a zaurena.

"Tsoho, matsa. Yau kai ne ɗalibina."

Ita kaɗai ke yi mini irin wannan magana. Sauran jikokin in suka ji tarina sai su sauya hanya.

"Amarya mai faɗuwa jarrabawa, me za ki koya mini?"

"In na iya faɗa maka da Hausa har ka gane, to na iya ke nan."

Sunan darasin da Turanci yake. Ta ce da Hausa ana ce masa dunƙulewar duniya.

Na ce, "Dunƙule biyu na sani. Akwai na miya, wanda ya kori daddawar kakarki daga kasuwar Mai'adua. Akwai kuma wannan." Na dunƙule hannu na nuna mata. "Wanne daga ciki?"

"Kai dai ka saurara."

Ta ce masana sun rabu gida uku. Na farko sun ce iyaka ta mutu, duniya ta zama ƙauye ɗaya, kaya da mutane da labari suna wucewa ba mai tare su.

Daga ƙofar zaurena ana hango shingen iyakarmu da Nijar. Na ce ta ɗaga kai ta duba.

Ƙanena Ɗantsoho a wancan gefen ya zauna, kusa da Ɗan Barto. Tafiyar da ba ta kai ta zuwa gona ba. Lokacin da aka rufe iyaka ya kwanta ciwo. Yara masu babura suka ce su bi da ni ta daji. Na ce ni ba ɓarawo ba ne, hanyar da na bi shekara sittin da rana tsaka ita zan bi. Na jira a buɗe. Aka binne shi ina zaune a nan. A waya aka gaya mini. Labari kam ya wuce, ba wanda ya tare shi.

Murjanatu ta san wannan duka. Ta ce, "Ra'ayinsu ne, Tsoho. Ba cewa aka yi gaskiya ce ba."

"To me ya sa za ki haddace ƙarya?"

Ta wuce gida na biyu. Su sun ce ba wani sabon abu, tun da can ana fatauci tsakanin ƙasashe, kuma har yau mai ƙarfi ke cin riba.

Na ce waɗannan suna da hankali. Ina saurayi na koro shanu daga Damagaram zuwa Kano da ƙafa, aka zuba su a jirgin ƙasa zuwa Ikko. Ubana ya kai Gwanja ya dawo da goro. Ba wanda ya ce masa duniya ta dunƙule.

Gida na uku sun ce abubuwa suna sauyawa, amma ba wanda ya san inda za su tsaya.

"Waɗannan tsoron faɗin magana suke yi," in ji ni.

Haka muka yi Alhamis, haka muka yi Juma'a. Ta faɗi ɗaya, in faɗi uku. Kowane gida yana da sunayen Turawan da suka faɗi maganar, da shekarar da suka faɗa. Da Juma'a ta yi yamma ta fara ɗora sunan wannan a kan maganar wancan. Sai ta tsaya, ta koma farko, ta sake rikicewa. Na lura ta daina dariya. Na ɗauka gajiya ce.

Ranar Asabar da hantsi ta zauna tana maimaita suna ɗaya har sau shida. Na gaji.

Na ce, "Ajiye takardar nan. Ki shiga ki rubuta abin da na gaya miki. Ki ce musu kakanki ya gani da idonsa. Ki rubuta shingen, ki rubuta Ɗantsoho, ki rubuta daddawa. Gani ya kori ji."

Ta ci gaba da kallon takardar.

"Ba da ke nake ba?"

"Baba, shi na rubuta bara."

Rabon da ta ce mini Baba har na manta.

Ta ce tambaya ɗaya ce mai maki mafi yawa: a kawo ra'ayoyi uku da waɗanda suka faɗe su. Ta fara, sai ta zo kan maganar cewa iyaka ta mutu, hannunta ya ƙi. Ta cika shafi huɗu da shingen Kongolam da rasuwar Baba Ɗantsoho da shanun Damagaram. Lokaci ya ƙare ba ta rubuta suna ko ɗaya ba. Da ta je ganin takardarta, malamin ya nuna mata abin da ya rubuta da jan biro. Ya ce labari ne mai kyau, amma ba shi aka tambaya ba.

"Me ya hana ki faɗa, ranar da na tara mutane?"

"In ce me? In ce maganarka ce ta kayar da ni, a gaban surukanka?"

Na tashi na shiga duba tumaki, alhali an riga an ba su dusa.

Ranar Lahadi ni na shimfiɗa tabarmar. Na ce ta miƙo takardar in riƙe, ta karanto da ka, ba zan tanka ba. Ta dube ni ta miƙo.

Wata huɗu na yi a ajin yaƙi da jahilci. In Hausa ce ina haɗa baƙi, a hankali. Wannan kuwa baƙaƙen na san su ɗaya-ɗaya, amma in suka haɗu ba sa cewa komai.

Ta fara da Turanci, idonta a rufe. Na bi da yatsa, ban san ko inda take nake ba. Na riƙa gyaɗa kai. Can ta tsaya.

"Me ke gaba?"

Na duba inda yatsana yake.

"Kalmar farko kawai, Baba. In na ji ta zan tuna."

Na haɗa baƙin yadda aka koya mini, na faɗa. Ta buɗe ido ta leƙo. Ashe shafi biyu na bari a baya, kuma abin da na karanta sunan makarantar ne da aka buga a ƙasan kowane shafi. Ta yi dariya kaɗan, ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta karɓi takardar da hannu biyu.

"Bari, na gode."

Ta koma ɗakin uwarta. Har la'asar ina jiyo muryarta ta katanga, tana maimaita sunayen. Ban san ko daidai take faɗa ba. Ba kuma wanda zan tambaya a gidan.

Na zauna na duba abin da nake da shi. Na san hanyar Matamaye ko da ido rufe. In na kalli sa sau ɗaya na san shekarunsa. A kasuwar Mai'adua in na ce an sayar, ba mai tayar da ciniki. Na sasanta Fulani da manoma ba sau ɗaya ba, har gaban hakimi. Duk cikin wannan babu abin da zai shiga ɗakin jarrabawa da ita ranar Litinin. Abu ɗaya ya rage, shi ne magana fuska da fuska. Ban taɓa zama gaban mutum na yi masa bayani ya ƙi ji ba.

Litinin bayan asuba na sa aka ciro mini babbar riga, na naɗa rawani. Na riga ta fita. Motar Daura tana bakin titi ana lodi, saura mutum biyu. Na tsaya da sandata.

Ta fito da jaka a kafaɗa, leɓenta yana motsi, tana ta haddar. Da ta gan ni ta tsaya cak.

"Ina zuwa haka da rawani?"

"Wurin malaminku. Zan gaya masa laifin bara nawa ne. Zan ce ya zo Kongolam ya ga shingen da idonsa, ni zan sauke shi. In ya gani zai san ba ƙarya kika rubuta ba."

"Ya san ba ƙarya ba ne."

"To sai ya sassauta miki bana."

"Lamba ake rubutawa a takardar, Baba, ba suna ba. In kuma aka gan ka a ofishinsa ranar jarrabawa, cewa za a yi roƙo muka zo. Wannan kaɗai ya isa a kore ni."

"Ni ne zan yi roƙo?"

Yaron mota ya buga ƙofa, ya ce Alhaji a shiga ko a ba wani. Na ɗaga ƙafa zan taka. Murjanatu ta sha gabana, ta dafa ƙofar da hannu ɗaya. Mutanen cikin motar suna kallo. A garin nan ba a taɓa tare mini hanya ba, in ba shingen can ba.

Na ce, "Matsa, Murjanatu."

Ta ce, "A'a, Baba. Ba za ka je ba."