Jan Babur ɗin da Ɗahiru Ya Zaɓa

Shekara biyu bayan an sallame shi daga masana'antar da ya yi wa aiki a Kudenda, Wilfred ya sami takardar da ya daɗe yana jira. Wata ƙungiya mai dashen itatuwa a dajin da ke bayan Gonin Gora tana neman mai zagaya gonakinta, mutum ɗaya tak, kuma sunansa ne a sama. Sharaɗin shi ne ya zo ranar Litinin da babur nasa na kansa, mai iya shiga kwazazzabo da duwatsu, wanda hayaƙinsa bai wuce ƙa'idar ƙungiyar ba. A bakin ƙofa za a auna. In babur ɗinsa ya faɗi, sai a wuce kan na biyu a jerin sunayen.

Wilfred bai san kan inji ba, amma bai damu ba, domin yana da Ɗahiru. Shekara ashirin da bakwai suna tare, tun suna ɗaukar kaya a layi ɗaya, kafin Ɗahiru ya buɗe garejin babura a Makera. Da safen Asabar, matarsa Scholastica ta cusa masa farin hankici a aljihu.

"Ka kara shi a bakin salansa," in ji ta. "Haka masu saye suke yi. In ya yi baƙi, ka bar musu kayansu."

A garejin ya tarar da babura biyu masu dogayen ƙafafu da taya mai ƙaya. Ɗaya shuɗi ne, mai nauyi, fentinsa ya koɗe. Ɗayan ja, siriri, yana sheƙi.

"Baban Jessica, yau kuma tsufa za a kai daji?" Ɗahiru ya ce yana dariya. "Ka dai riƙe wando da kyau."

"Kai dai zaɓar mini, Malam. Ni duk ƙarfe ɗaya ne a wurina."

Ɗahiru ya dafa jan. Ya ce ba shi da nauyi, ko ya kayar da mutum zai ɗagu, shuɗin kuwa sai ƙarti biyu. Ya ce fetur ɗinsa kawai ake gauraya wa ɗan baƙin mai, ba wata wahala.

"Hayaƙi fa?"

"Wane hayaƙi? Ni zan ba ka abin da zai kunyata ka?"

Hannun Wilfred ya kai aljihu, ya taɓa hankicin, ya tsaya. A ganinsa, wanda ya fito da farin ƙyalle a gaban amininsa ya riga ya kira shi maƙaryaci, ko bai buɗe baki ba. Ya zare hannunsa, ya karɓi makulli.

Ranar Litinin, wata ma'aikaciya mai suna Nafisa ta zura bututun na'ura a salansar, ta ce ya murɗa. Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Ta duba allon sau biyu, saboda ganin furfurarsa.

"Baba, irin wannan injin mai cin baƙin mai ba ya wucewa a nan, ko sabo ne. Duk bakaniken da ka tambaya ya sani. Wa ya ba ka shawara?"

Wilfred ya kashe injin. Yana tura babur ɗin gefe ya ji ƙarar wani inji mai laushi. Shuɗin nan ne mai koɗaɗɗen fenti, da tsagar nan a kujerarsa da ya lura da ita ranar Asabar. A kansa akwai Shehu, ƙanen Dije matar Ɗahiru, wanda Wilfred ya halarci ɗaurin aurensa. Nafisa ta duba takarda, ta kira sunan Shehu a matsayin na biyu. Shehu ya ga Wilfred, ya sunkuyar da kai, ya shige.

Wilfred bai nufi gida Trikania ba, Makera ya zarce. Ya sami Ɗahiru tsugune yana wanke sarƙar wani babur a cikin kwano. Ɗahiru bai ɗago ba, wannan kuwa ya ishi Wilfred amsa.

"Tun yaushe ka san Shehu ne na biyu?"

"Tun kafin ka zo." Ya ci gaba da dirzar sarƙar. "Dije ta hana ni sakat. Yaransa shida, shekara uku ba ya aikin komai, a gidana suke cin tuwo. Na ce kai naka sun girma."

"Ni ka tambaye ni abin da ake ci a gidana?"

Ɗahiru ya saki sarƙar a cikin kwanon. Can ya ce, "Bar babur ɗin nan, zan mayar maka da kuɗinka cif."

"Ba shi ya kawo ni ba. Me ya hana ka ce mini, Wilfred, akwai Shehu?"

"Da ka bar masa?"

Wilfred ya yi tunani da gaske, domin ba ya son ya yi ƙarya a wurin da ya zo tuhumar ƙarya. "Da ban bari ba. Amma da na je wani gareji, na sayi nawa, Shehu ya sayi nasa, Allah ya zaɓa. Da yanzu ina zaune a kan bencin nan muna shan shayi, ko ni na faɗi."

Ya ajiye makullin a gefen kwanon, ya tari mota.

A gida Scholastica ta saurare shi har ya gama, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai tuna masa cewa Sallah saura kwana tara, kuma Dije za ta aiko da nama kamar kowace shekara.

"In an kawo, in mayar?"

Ya daɗe yana kallon takardar ƙungiyar a kan tebur.

"Ki karɓa, ki dafa wa baƙi," ya ce. "Kada dai ki sa mini a kwano."