Kyamarar da Corwin Ya Ɓoye

Ranar Talata ce da hantsi, dusar ƙanƙara ta narke ta bar titunan garin Duluth caɓe-caɓe, lokacin da wata farar motar kaya ta kwashe tsoho Otis Beaudry a ƙofar gidansa yana jan kwandon shara. Ko birki direban bai taka ba.

Corwin, maƙwabcinsa mai raba kaya gida-gida, yana biye da motar. Kyamarar da ya manna a tsakiyar gilashin gaban motarsa ta ɗauki komai, har lamba. Sai dai a makon da ya wuce wani ɗan sanda ya ja masa kunne cewa inda ya manna ta ya saɓa doka, tana tare masa gani, kuma kamfaninsu ba ya riƙe direban da aka rubuta wa laifi. Don haka tun kafin ya fita duba Otis ya ɓalle ta, ya cusa a aljihun gaban mota. Da 'yan sanda suka tambaye shi, ya ce motar fara ce dai, bai ga lamba ba.

Kwana uku Otis ya yi a asibiti ya cika. Bayan jana'iza maƙwabta suka taru a falonsa, suna cin gasasshen dankali da nama, suna tsine wa direban baki cike da abinci. Marlys, matar mamacin, ta miƙo wa Corwin faranti.

"Ci mana, ɗana. Kai ka riƙe masa hannu a kan titi."

Corwin ya ajiye farantin. Ya fita ya ɗauko kyamarar, ya gaya mata gaskiya a kicin. Ba ta zage shi ba. Cewa kawai ta yi ya kunna.

Ashe da ya ɓoye ta bai zare wayarta ba. Duk sanda ya tayar da mota sai ta ci gaba da ɗauka cikin duhu, in ta cika ta goge na baya. Suka tsaya suna kallon baƙin allo, suna jin Corwin yana tauna wani abu, yana bin waƙar rediyo.

"Kashe ta, Corwin," in ji Marlys.

Abin da ya tafi ke nan: Otis, mai shekara saba'in da huɗu, hoton minti uku, lambar mota ɗaya, da kwandon shara, wanda murfinsa ke kife cikin caɓi har yanzu.