Shafuka Goma Sha Shida Na Ƙarshe

Tun ranar da hawan jini ya kayar da Mama a bakin famfo, wata huɗu ke nan, Auta ke rufe shagon ɗinkinta da ƙarfe huɗu na yamma. Ƙafar Mama ta dawo, baki ya miƙe, ido ne kawai ya ƙi ƙananan rubutu. Ita kuwa gara a hana ta abinci da a hana ta littafi. Ba kowane littafi ba kuma, sai na soyayyar mutanen da, zamanin takobi da doki da jirgin ruwa mai tafiya da iska, lokacin da wasiƙa ɗaya kan yi wata uku a hanya, masoya su yi ta ramewa kafin ta iso. Matar da ta shekara talatin tana koya wa yara lissafi da sanda a hannu, amma a buɗe mata irin wannan littafin sai ta koma 'yar shekara sha bakwai.

Karatun sai ya faɗo kan Auta, da yake ita ce a kusa. A faɗi gaskiya, ba son labaran take ba. Bakinta ne ke karatu, hankalinta yana shago, yana auna wuyan riga. Ta iya karanta shafi goma ba tuntuɓe, ka tambaye ta wa ya auri wa ta tsaya tana kallonka.

Cikin tarin littattafan akwai biyu da Mama ta fi ji da su, mai jan bango da mai kore. Marubuciya ɗaya ce ta rubuta su, kuma baiwar Allahn nan ba ta san wani namiji ba sai soja. A kowanne budurwa ce ke ba da labari da bakinta, ba ta kuma kiran masoyinta da komai sai Kyaftin. Shekara arba'in ana juya shafukansu ta sa duk biyun sun zube, har sai da Auta ta kai su wurin wani tsoho mai ɗinkin littattafai a bayan tasha. Ya dawo da su tsaf, kamar jiya aka buga.

Ranar Talata suka kawo ƙarshen mai jan bangon. Mama ta gyara filo a bayanta, ta ajiye kofin shayi.

"Yanzu zai shigo ta ƙofar lambu," in ji ta, "hannunsa a naɗe da ƙyalle. Ki karanta a hankali, ban da gudun nan naki."

Auta ta juya shafi ta ci gaba. Ba wanda ya shigo ta ƙofar lambu. Doki ne ya dawo ba mahayi, manzo na biye da shi ɗauke da takobin Kyaftin.

"Tsaya. Sake karanta wurin."

Ta sake.

"Ba haka ba ne. Bai mutu ba. Dokin nan ai a cikin koren yake."

"Mama, jan ne a hannuna."

"Kin tsallake shafi."

Auta ta duba lamba a ƙasa. Ɗari biyu da tamanin da takwas, sai ɗari biyu da tamanin da tara. Ta kai littafin daf da idon Mama, ta ɗora yatsa a kan lambobin. "Ga shi a rubuce, ban tsallake komai ba."

Mama ta kau da kai daga littafin. Can ta ce, "Na karanta littafin nan ya fi sau ashirin." Ta koma ta jingina da filo. "To."

Wannan "to" ɗin ne ya kashe wa Auta jiki. Ranar da aka sallame su daga asibiti likita ya ja ta gefe ya ce ta sa ido, in tsohuwa ta fara cakuɗa abubuwan da ta sani a dawo da ita ba ɓata lokaci. A tsammaninsa ya yi magana ƙasa-ƙasa. Bai san kunnen malamar makaranta ba, Mama ta ji komai.

Kwana uku Mama ba ta nemi karatu ba. Ta miƙa wa Auta robar magungunanta ta ce ita ta riƙa ƙirga mata, kada ta sha sau biyu. Da safe takan tambayi ranar da ake ciki, alhali ta sani. Ranar Alhamis Auta ta dawo daga shago ta tsaya a bakin ƙofa, ta ji Mama tana jero sunayen jikoki ɗaya bayan ɗaya, daga nan ta shiga bakwai sau takwas, bakwai sau tara. Auta ta koma tsakar gida ta yi kukanta ta share fuska kafin ta yi sallama. Ta kira Yaya a waya, babban wansu, ya ce ranar Litinin zai zo da mota a koma wurin likita.

Ranar Asabar da hantsi tana goge teburin gefen gado, ta ɗora littattafan biyu kan juna don ta mayar da su kanta. Idon tela ba ya wuce wurin da zane bai haɗu ba. A bakin shafukan jan akwai tsohon tabon shayi, ya taso daga tsakiya yana tafiya, sai ya yanke ƙat, 'yan shafukan ƙarshe fari tas. Ta juya koren. Shi kuma fari ne tun daga farko, sai a 'yan shafukan ƙarshe ga ragowar tabon nan, daidai inda ya kamata ya ci gaba.

Ko mayafi ba ta yafa daidai ba ta fita.

Tsohon yana zaune a 'yar rumfarsa tsakanin kwalbar gam da ƙulli-ƙullin zare. Ta gaishe shi a tsaye, ta ajiye masa littattafan.

"Baba, don Allah duba min ƙarshen waɗannan."

Ya sa tabarau, ya buɗe, ya bi lambobi da farce. "Lafiya lau suke, 'yata. Lamba na bin lamba."

"Ka karanta su kafin ka ɗinke?"

Ya dube ta ta saman tabarau kamar ta zage shi. "In na tsaya karanta duk abin da aka kawo mini, yaushe zan yi aiki? Mu lamba muke bi. Littafi ƙunshi-ƙunshi ne, kowane ƙunshi shafi goma sha shida. Ka jera su bisa lamba, ka ɗinke, shi ke nan."

"To in littafi biyu girmansu ɗaya, yawan shafinsu ɗaya, aka kawo maka su a leda ɗaya a zube fa?"

Ta nuna masa tabon. Tsoho ya haɗa bakin littattafan, ya raba, ya sake haɗawa. Ya cire tabarau ya shafa fuska.

"Shekara talatin da biyar ina wannan sana'a," ya ce. "Na ba wannan wutsiyar wancan. Ki yafe ni, 'yata. Bar su, gobe ki zo ki karɓa, ba sai kin ba da komai ba."

Da niyyar yi masa tas ta zo, amma sai ta ji ba ta da bakin faɗa. Shi lamba ya bi bai karanta ba. Ita fa, da ta karanta da bakinta? Labarin da ake ta yi a bakin teku ya koma cikin duwatsu a shafi ɗaya, ba ta ko lura ba. Uwarta ta gaya mata a fili cewa dokin a koren yake, koren kuma yana nan a gefen gado, hannu kawai za ta miƙa. Ta gaskata takarda ta ƙaryata tsohuwa. Kunya ta kama ta, amma daɗin da ke ranta ya fi kunyar yawa.

"Zan dawo da su, Baba. Sai na fara kai su gida."

Ta tarar da Mama a zaune ta zuba wa taga ido. Ta durƙusa a gabanta ta buɗe koren daga baya.

"Mama, saurara."

Ta karanta, a hankali wannan karon, tana jin abin da take faɗa. Ƙofar lambu ta yi ƙara. Wani mutum ya shigo, ya rame, hannunsa na dama a naɗe da ƙyalle. Kafin ta kai ƙarshen layin Mama ta karɓe, tana faɗin abin da Kyaftin ya ce wa budurwar kalma bayan kalma, Auta na bin rubutun da yatsa. Ko ɗaya ba ta kuskure ba.

"Mai ɗinki ne ya musanya ƙarshensu," in ji Auta. "Ke ce da gaskiya tun ranar Talata. Kanki lafiya lau yake, Mama. Ni ce ban saurare ki ba."

Mama ta sauke wani dogon numfashi, ta rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunta suka yi ta girgiza, Auta ta rasa kuka ne ko dariya, sai da ta buɗe fuskar ta ga duka biyun ne.

"Ja'ira," ta ce. "Kwana huɗu kin sa ina zaman makokin mutumin da ke raye. Kira yayanki ki ce ya bar motarsa ta huta."

"Yanzu kuwa. Gobe kuma in mayar wa tsohon ya warware ɗinkin."

Mama ta karɓi koren ta ɗora a cinya tana shafa bangon. "Wato yanzu a wannan ɗin, Kyaftin ya dawo gida?"

"Ya dawo, amma ai kuskure ne."

"Shekara arba'in yarinyar nan tana tarbar doki ba mahayi, ni kuma ina taya ta kuka. Ba mai warware komai. A bar mata shi."

"To jan fa? Ya zauna ba ƙarshensa?"

"In mun zo wurin sai ki rufe littafin," in ji Mama. "Ni zan ƙarasa miki."