Makirfon Ladan a Cikin Ƙanƙara

Shekara ashirin da tara Malam Mas'ud yana kiran salla a masallacin unguwarsu a Kurfi, sai bana aka fara ƙorafi. Da ya kai "Hayya alas-salah" sai sautin ya tsage, kamar ana jan kwano a kan siminti. Shi dai ya ce laifin makirfo ne. Alhaji Khalil, shugaban kwamitin masallaci, ya ce abin mai sauƙi ne: ran Alhamis Malam ya kira azahar, Abubakar Sadiƙ malamin firamare ya kira la'asar, da makirfo ɗaya. In na'ura ce, za ta tsage musu su biyu. In kuwa maƙogwaro ne, sai Malam ya huta.

Wannan hutun shi ya hana shi cin tuwo.

Ran Talata ya cire makirfon da wayar jona shi, ya shiga mota zuwa Dutsin-Ma wurin Alfred mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Alfred ya jona, ya hura, ya yi magana a ciki.

"Baba, wannan lafiyarsa lau."

"Sake dubawa, ɗana."

Ya sake. Da ya ga fuskar tsohon, sai ya nemi abin da zai sa shi dariya. "Sai dai mu yi irin na Turawa. Na gani a waya, wasu na tsoma wayoyin lasifikarsu cikin wani sanyi da ya ninka na ƙanƙara, wai ƙarfen ciki ya kwanta, sauti ya fito tas."

"Yana yi?"

"Masu sayarwa sun ce yana yi. Masu aunawa sun ce ba su ga komai ba. Wasa nake fa, Baba."

Amma Malam ya riga ya yi nisa. Ya tuna yadda gurɓataccen ruwa ke kwanciya a randa mai sanyi, da yadda narkakken man shanu ke haɗa jikinsa da safe. Me zai hana ƙarfe? Shekaru yana hura masa zafin baki sau biyar a rana, ai dole cikinsa ya dagule.

Rabi, 'yar ƙanwarsa, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo a bayan tashar Dutsin-Ma, da firji mai aiki da hasken rana. Can ya nufa da makirfon a ƙunshe. Ta karɓi ƙunshin tana kallonsa.

"Kawu, makirfon masallaci a cikin zoɓo? In ya fara tallan zoɓon da asuba kar a ce ni ce."

"Sa shi can ƙasa, inda ya fi sanyi."

Ran Alhamis da hantsi ya dawo wurin Rabi. Makirfon ya yi fari fat, wayar ta sandare kamar kara. Rabi ta ce ya shanya shi a rana tukuna. Ya ƙi. Sanyin ai shi ne maganin, ta yaya zai bari ya zube a hanya? Ya sa ta naɗe masa shi yadda take naɗe ƙanƙarar da ake kaiwa ƙauye, cikin buhu da ƙaiƙayi. Motar Kurfi ta ƙi cika da wuri. Ya zauna da buhun a cinya yana duban inuwar motar tana ƙanƙancewa.

Ko da ya iso, mutane sun fara alwala. Alhaji Khalil na zaune a bakin ƙofa, ya dubi agogo, ya dubi jiƙaƙƙen wandon Malam. Abubakar Sadiƙ ya sunkuyar da kai.

Malam ya kwance buhun. Makirfon na ta zufa, ruwa na ɗiga daga ragarsa. Ya goge da gefen riga, wani ruwan ya sake fitowa. Ya jona, ya kunna. Lasifikar ta yi gunji har tattabarun rufin suka tashi. Da ya kai baki, wani abu ya tsunkule shi a leɓe. Daga nan sai shiru. Ya ƙwanƙwasa da yatsa. Shiru.

"Malam," in ji Alhaji Khalil a hankali, "lokaci ya yi."

Yana iya cewa na'ura ta lalace, a ɗaga gwajin. Ba wanda zai musa. Amma azahar ba ta jiran na'ura. Ya ajiye makirfon a kan katanga, ya hau dakalin da marigayi tsohon ladan ke hawa kafin a kawo lasifika, ya sa yatsu a kunne.

Kabbarar ta fita lafiya. Shahada ta fita. Ya ja numfashi, ya ɗaga "Hayya alas-salah", sai ta tsage, daidai inda take tsagewa, ba waya, ba ƙarfe. Masu alwala suka tsaya da butoci a hannu. Ya ƙarasa kiran da abin da ya saura na murya, ya sauko.

Bayan sallama bai jira kwamiti ba. Ya ɗauko makullin akwatin lasifika daga aljihu, ya sa a hannun Abubakar Sadiƙ.

"Ka bar makirfon ya bushe. Kuma kar ka manna baki, yana cizo."

Rana ta yi aikinta a kan katanga. Da la'asar, Malam na zaure yana ɗaura rawani, ya ji kiran ya taso ta saman rufin unguwa, tas, har ƙarshe. Ya tsaya da rawanin a hannu, ya karkata kunne. Ya daɗe da sanin wannan lasifika, kuma sai ya ga kamar wani ɗan kaushi da ke can ƙarƙashin sautin ya ragu. Kaɗan dai. Ya yi niyyar in ya shiga Dutsin-Ma zai gaya wa Alfred. Ya ɗauki sandarsa ya fita, don ya sami sahun gaba.