Rakiyar Gidan Sannu

…kuma har yanzu bai fita ba. Ga shi can bakin ƙofa, ya ba ta baya, ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki, yana ta murza hularsa kamar mai wanki. Idrisu ne, na majemar Challawa, mutumin Gumel. Ciwon kai ya ce. Ta ba shi ƙwaya, ta ce da safe da dare, ya ce to, ya yi godiya, ya sake yin godiya, ya miƙe. To me kuma yake jira?

Kai, Ma'u, daina yi wa kanki tambayar banza. Ta san abin da yake jira sarai. Rakiya yake jira.

Hannunta na kan ƙararrawa, 'yar ƙaramar nan ta ƙarfe da ake dannawa ta ce ting, wanda ke kan benci ya shigo. Ba ta danna ba tukuna. Tagar ofishin Malam Tijjani a buɗe take, tana kallon baranda, tana kallon tsakar gida har zuwa get. Shi ne manaja yanzu, daga babban ofishin ƙungiyar da ke riƙe da asibitin nan, can Bompai, aka turo shi, yaro ne ɗan gayu mai biro a aljihun gaba. Kuma ya faɗa, a gaban kowa ya faɗa: duk wanda ya bar teburinsa alhali akwai mutane a layi, to ya bar aikin ke nan. Ita har ofis ya kira ta, ya miƙe tsaye ya ba ta kujera. "Inna Ma'u, don girman Allah kada ku sa ni yin abin da ba na so. Wannan ce magana ta ƙarshe." Ta ƙarshe fa. Kulu abokiyar aikinta da ta ɗauka wasa ne, ina take yau? Tana gida tana suyar ƙosai a ƙofar zaure, mace da ta iya neman jijiya a hannun jariri ko da fitilar ƙwai ce.

Ita kuwa Ma'u ina za ta? A wannan shekarun nata? Ga marayun ɗanta a Dorayi, baki buɗe kullum…

Ciwon kai. Hm! Duk Sharada ciwon kai ne da su. Masu saƙa ciwon kai, masu roba ciwon kai, 'yan matan kamfanin alewa ciwon kai. "Ma'u, mutanenmu ba sa faɗar ciwonsu a zaune." Muryar Hajiya Safiyatu da ta kafa gidan nan, Allah Ya jiƙanta, da wannan 'yar dishewar tata, tana ɗaura ɗankwali a kan farar rigar aiki. "A kan kujera kansa ne ke ciwo, don kai ba abin kunya ba ne. Ki tashi ki taka masa. Na gaskiyar yana can gaba."

Allah sarki, lokacin ɗaki biyu ne kacal, rufin kwano, da randa a baranda da moɗa a kanta. Ba allo, ba suna. Hajiya ta bar asibitin gwamnati ta bi gidajen masu hali tana roƙo, wannan ya ba da gado, wancan ya ba da siminti, wai don leburori su sami inda za su je ba sai sun shiga gari ba. Su leburorin ne suka raɗa masa suna, Gidan Sannu, don tun daga get ake fara yi maka sannu har ka gaji da amsawa. Darbejiyar nan ko kafaɗa ba ta kai ba, Ma'u ce ke zuba mata ruwan wanke hannu. Dubi ta yanzu, ta fi rufin tsawo, ba mai tsayawa a ƙarƙashinta sai kekuna.

Kuma rakiyar ma ai iyawa ce, ba tafiya ce kawai ba. Ba a shiga gaban mutum, ba a kallon fuskarsa. Kafaɗa da kafaɗa, ido a kan hanya, ana zancen ruwan bana, ana zancen tsadar gero. Idan an zo gindin darbejiya dole ya ce, "A koma haka nan, an gode." Dole ne, ladabi ne. To a nan sabuwar ma'aikaciya ke faɗuwa, ta ce to sai anjima, ta juya. Ba a juyawa! Cewa ake yi, "Haba, bari dai in kai ka bakin titi." Sai tafiyar ta yi sanyi. Sai can, dab da get, kamar abin da ya faɗo masa yanzu-yanzu:

"Af, na ce ba…"

Af. 'Yar kalmar nan. Duk aikin Gidan Sannu a cikinta yake. Af, na ce ba, fitsarina da jini. Af, Inna, kunnen nan na hagu tun da aka mayar da ni kusa da inji ba ya ji. Af, wani ƙulli ne a nan, a ƙarƙashin… yarinyar nan mai ƙunshe alewa, fara, mai wushirya, ta kasa ƙarasawa sai ta kama hannun Ma'u ta ɗora a kan ƙirjinta ta cikin mayafi, idonta na kan titi. Aka kai ta babban asibiti, aka yanke, ta rayu. Bara ma sun haɗu a wajen wani suna a Na'ibawa, da goyo a bayanta, ta rungume Ma'u har ɗankwali ya faɗi.

Wani yana tari a kan benci. Wani ya ce, "Inna, layi fa." Gaskiyarsa. Layin ya fita baranda ya lanƙwasa.

To ai shi ke nan abin da Malam Tijjani yake faɗa, kuma wa zai ce ƙarya yake yi? Hutun rana ɗan kaɗan ne. Jiniyar kamfani in ta yi kuka, wanda bai koma ba an rufe masa get, kuma a wannan zamanin da ake rage ma'aikata kamar ana tsince tsakuwa a shinkafa, wa zai yarda ya makara? Ke kina can kina zancen gero da mutum ɗaya, mutum nawa ne suka tashi daga benci suka koma da ciwonsu? Haka ya tambaye ta, a hankali, ba tsawa. Masu ba da taimako kuma, su na can nesa, ba sa tambayar wa ya ce af. Mutum nawa aka gani, shi ke nan tambayarsu. Yaron ba mugu ba ne, wallahi ba mugu ba ne. Shi ya kawo firjin allura, shi ya kawo fanka, shi ya sa aka daina ɗebo ruwa a garwa. Ranar rasuwar Hajiya har maƙabarta ya je, ya dawo da jar ƙasa a gwiwar wando. Sai dai… sai dai shi a ofis yake cin abincinsa, da cokali, ƙofa a rufe.

Da kuwa faranti ɗaya ne. Babban tire mai zanen fure, shinkafa da wake da mai da yaji, a shimfiɗa tabarma bayan azahar, mata a nan, maza a can da nasu, ana jifan juna da tsiya ta saman randa. Likitan da ke zuwa taimako ran Laraba, da mai shara, da direba, hannu ɗaya. Hajiya tana tura wa Kulu wake gabanta wai ta rame. A bakin tiren nan ake yin duk wani mitin: wane bai dawo ba, wa zai bi ta unguwarsu ya duba shi? Wance mijinta ya hana ta zuwa, wa ya san uwar mijin? Yanzu mitin ran Litinin ne, a kan kujeru, kowa da hannu a cinya. Tiren yana sito, an ɗora kwalayen auduga a kai.

Hular. Ya daina murza ta. Ya ɗora a ka.

Ɗazu da yana zaune ya yi tari, ya kai hankici baki, ya ninke shi da sauri ya cusa a aljihu. Da sauri ƙwarai. Mai ciwon kai ba ya ninke hankici haka. Ga wuyan rigar ya yi masa yawa, Idrisun da ke saɓa jiƙaƙƙiyar fatar saniya a kafaɗa kamar tawul. Ta tambaye shi fa, ba wai ba ta tambaya ba. "Ba komai bayan kan?" "Ba komai, Inna, alhamdulillahi." Yo me zai ce? Ƙofa a buɗe, abokan aikinsa jere a kan benci kunne a miƙe, gobe magana ta kai wa fomen cewa ƙirjin Idrisu ya taɓu, jibi a ce ya huta a gida. Yana da mata, yana da 'ya'ya a ƙauye suna jiran ƙarshen wata. A zaune? Ina! Ko ita ce ba za ta faɗa ba.

Ya fita. Takalmin robarsa na ja a kan simintin baranda, sannu-sannu, tafiyar da ba ta mai saurin komawa aiki ba.

Tashi mana. Ƙafafun nan da suka yi shekara da shekaru suna zarya tsakanin tebur da get har suka yi wa tsakar gidan 'yar hanya, yau su ne suka yi nauyi? Yaushe suka koyi zama? Ba ta ma lura ba. Da farko zuciyarta ce ke bin kowane mutum har titi tana zaune, daga baya… daga baya ting, na gaba, ting, na gaba, har ta fara jin daɗin yadda layin ke ƙarewa da wuri. Astagfirullah. Har ta fara jin daɗi.

Marayun Dorayi. Ƙosan Kulu. Magana ta ƙarshe.

Hankicin.

Ta miƙe. Ba ta san ta miƙe ba sai da kujera ta yi ƙara a bayanta. Takalmi ɗaya ya shige ƙarƙashin tebur, oho, bar shi. Ga ta a bakin ƙofa, ga ta a baranda, mutanen benci suna janye ƙafafu suna kallonta, fankar ofishin manaja na juyawa, labulen tagar yana motsi, ko iska ce ko hannu ne, ba ta duba ba. Rana ta daki fuskarta. Idrisu ya kai gindin darbejiya. Daidai wurin. Ya tsaya, ya waiwayo, ya gan ta a kan matakala da takalmi ɗaya.

Fuskarsa ta saki, wallahi ta ga ta saki, kamar ta yaron da aka zo ɗauka daga makaranta. Sai idonsa ya wuce ta, ya sauka a kan tagar.

"A koma haka nan, Inna. An gode."

To ai ta san wannan, ladabi ne, yanzu sai ta ce haba bari dai in kai ka… bakin ya buɗe, maganar tana kan harshe…

"A'a, da gaske nake, ku koma," ya ɗaga hannu, murya ƙasa-ƙasa. "Kada su yi muku abin da suka yi wa Inna Kulu."

Da gaske yake. Innalillahi. Ashe su ma sun sani. Ashe ba ƙafafunta kaɗai aka koya wa zama ba, su ma an koya musu haɗiyewa, har su ne ke tsaron aikinta, su da ciwon, su ne ke lallaɓa ta… Jiniya ta ɗauka daga wajen masaƙa, doguwa, wata ta amsa daga can nesa. Mutanen benci suna miƙewa. Idrisu ya juya, ya kama hanyar get, hannu ɗaya dafe da aljihu. Bai yi sauri ba dai. Ko ya yi? Idonta ya cika, ba ta iya tantancewa.

Ƙafarta marar takalmi tana kan matakala ta ƙarshe, simintin da zafi. A bayanta wani ya gaji da jira, ya miƙa hannu ya danna mata ƙararrawar da kansa.