Kiran Juma'a da Makau Ya Tare

Makau mai shagon intanet na Gummi ɓarawo ne. Bai taɓa haura katangar kowa ba, bai kwance akuyar kowa ba, kuma a sahun gaba yake tsayawa a masallaci. Muryar ɗan'uwansa ya sata. Ya tare ta a hanya, ya hana ta isa kunnen matarsa, har aure ya kai bakin mutuwa. Duk wanda ya ce wannan ba sata ba ce, bai san sata ba.

Matar ita ce Hure, 'yar mutanen Anka, wadda aure ya kawo Tungar Rimi, wata ƙaramar tunga tsakanin Bukkuyum da Gummi. Mijinta Hayatu ya tafi Umara ya zarce da zama a Jidda, yana leburanci a ɓoye, ba takarda, ba wayar kansa, kullum yana wasan ɓuya da askarawa. Shekarar da sabis ya fara leƙo yankin, ya aiko mata da 'yar wayar hannu ta hannun wani alhaji, da saƙo guda: kowace Juma'a da hantsi ta hau tudun bayan gari, zai kira. A kan tudun nan kaɗai sabis ke kamawa. Can Hure ke tsayawa gindin wata aduwa, waya a sama, har ta yi ƙara. Su gaisa, ya tambayi mahaifiyarsa Inna, ya tambayi gero, ya tambayi ko an gyara dangar. Ba wata doguwar magana ba ce, amma ita ke riƙe da gidan.

Tungar ba lantarki, kuma wayar Hure ce kaɗai a cikinta. Saboda haka duk tsakiyar mako Tanko mai kabu-kabu ke ɗaukarta ya kai Gummi caji, ya kwana biyu ya dawo da ita. Ina za a kai ta in ba shagon Makau ba? Ɗan ƙanen uban Hayatu ne, yana da janareta, yana da faranti babba a kan rufi wanda ke jawo intanet daga sama, kuma ba ya karɓar ko kwabo. A kunne ake miƙa masa wayar. Ba wanda ya taɓa tunanin a kashe ta, don mutanenmu sun ɗauki waya kamar tocila, abin da ake cika wa wuta a mayar.

Ga yadda ya yi, don kada wani ya ce tsafi ne. Akwai wata babbar rajista a intanet wadda na'urori ke tambaya hanya. Asali sunayen shafuka ake sa wa, ta faɗa wa na'ura inda kowane suna yake zaune. Daga baya aka fara sa lambobin waya, a jera su daga ƙarshe zuwa farko, a rubuta a gefen kowace inda za a kai kiranta. Shagunan kira masu araha na ƙasashen waje sukan tambayi rajistar nan tukuna. In sun sami lamba a ciki, sai su tura kiran ta intanet kai tsaye, ba ya ko bi ta ƙarfen sabis. Masu kula da irin wannan rajista ba su san fuskar kowa ba. In ka ce lamba taka ce, sukan kira ta su karanta wasu lambobin sirri, wanda ya ji ya rubuta, shi ne mai ita. Wayar Hure tana kwance a teburin Makau sa'ad da aka kira. Ya ji, ya rubuta, ya ce a riƙa kawo kiran a na'urarsa. Hayatu kuwa daga irin shagon nan mai araha yake kira, don shi ne daidai ƙarfinsa.

Daga ranar tudun ya yi shiru.

Abin da ya fi ci wa Hure rai, wayar lafiyarta ƙalau. In yayanta Mas'ud ya kira daga Anka, tana ƙara. In wani ya yi kuskuren lamba daga Sakkwato, tana ƙara. Kiran Juma'a kaɗai ya ɗauke. Takan tsaya har inuwar aduwa ta dawo ƙarƙashin ƙafarta, hannu ya sage, sannan ta sauko. Inna tana zaune a bakin ɗaki, ba ta tambaya, fuskar Hure take dubawa ta mai da kai ga kaɗinta.

Makau ya fara yawan zuwa tungar, da 'yar shinkafa, da sabulu, da maganin ƙafa na Inna.

"Matata, yau ma tudun kinka hau?"

"Matar wa? Tahi ka nemi taka, gwauro."

Wasan ƙanen miji ne, kowa ya san shi, har Inna takan yi murmushi. Amma wata rana da ya gama dariya bai tashi ba. Ya sassauta murya.

"Wallahi tausayi kike ba ni. Mutanen Jidda in sunka ga farar shinkahwa da sanyin na'ura, gida hita ransu yake. Na san uku da sunka yi aure can. Ba ni son in yi wa yaya shaidar abin da ban gani ba, amma mai rai ba ya rasa hanyar kira."

"Yaron nan ba shi yin haka," in ji Inna daga ɗaki.

"Allah ya sa, Inna."

Damina ta wuce, wata ta kama. Mas'ud ya gaji, ya zo da kansa ya ce ko ta koma Anka ko ta kai ƙara, ba a bar mace rataye ba ita ba mai miji ba ita ba bazawara. Hure ta yi kuka, ta ƙi, daga baya ta bi shi gaban alƙali a Gummi. Alƙali ya ce maganarta ita kaɗai ba ta isa ba, sai maza biyu sun shaida. Mas'ud ya tsaya. Makau ya tsaya, ya rantse cewa shi ne dangin Hayatu mafi kusa da waya, kuma rabonsa da jin ɗuriyarsa tun bara. Aka ba da wa'adi: in ya cika ba labari, a raba auren.

Wa'adin zai cika ranar wata Litinin. Juma'ar da ke gabanta wayar ba ta dawo daga caji ba, don babur ɗin Tanko ya lalace a Gummi. Karo na farko Hure ba ta hau tudun ba. Ta shiga motar kasuwa ta tafi karɓo ta, saboda alƙali ya ce ta zo da ita.

Ta iso ana kiran sallar Juma'a. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak. Makau yana bakin shago cikin farar shadda, turare na tashi. Ya jira kiran hantsi bai zo ba, ya ɗauka Hayatu ya gaji.

"A'a, matata da kanta! Shiga ki zamna, yanzu nike dawowa. Jibi-jibin nan wasan ga ya ƙare, mu yi magana ta manya."

Ya miƙa mata wayar yana kallonta kallon da ba na wasa ba. Ya leƙa ciki ya ce wa wata mata da ke zaune gaban na'ura kada ta taɓa ta teburinsa, ya wuce masallaci. Matar Janet ce, mutuniyar Zuru, ma'aikaciyar rigakafi, tana fama da tura rahoton aikinta. Saboda ita aka bar janareta a kunne.

Titi ya yi tsit. Sai gunjin janareta a bayan shago, yana yi yana shaƙewa kamar mai tari.

Na'urar teburin Makau ta fara ƙara. Ta yi ta yi, ta tsaya, ta sake.

"Kai, wannan abu ya ishe ni," in ji Janet. "Ko mutuwa aka yi wa mai shi?" Ta tashi, ta zare abin kunne da ke jone, ta danna.

Aka yi gyaran murya. Kafin a ce komai Hure ta miƙe tsaye, don gyaran muryar nan ta sha jinsa a ƙofar gida.

"Salamu alaikum. Makau? Ka yi haƙuri na makara, askarawa sunka rutsa unguwarmu tun sahe. Makau, don girman Allah ka ce mata ko tari ta yi in ji. Kai ka ce mani ta bar maka wayar, ba ta son jin muryata, takardar saki take so. To ni ban sake ta ba, ba ni kuma sakinta. Inna hwa? Ƙahwar da sauƙi?"

Hure ta dubi wayar da ke hannunta. Baƙa, shiru, ko haske babu.

"Malam," ta ce. "Ni ce."

Maganar takan jima kafin ta isa can, saboda haka ya ci gaba da roƙon Makau har kalmar ta cim masa. Sannan aka ji babban mutum yana shessheƙa a wata ƙasa.

"Bawan Allah, wace lamba ka kira?" in ji Janet.

"Ta Hure mana. Ita kaɗai na haddace."

Janet ta dubi Hure, Hure ta dubi ƙofa. Zaman kotu ya koya mata abu guda: abin da ita da Janet suka ji ba zai tsaya gaban alƙali ba. Maza biyu ake so, kuma duk mazan garin suna masallaci.

"Malam, kada ka kashe. Litinin za a raba aurenmu, Makau ya rantse ba ka kira. Ka tsaya har a taso daga salla."

"A raba mi? Hure, mai shagon nan ya hwara harara ta."

"Ko rigarka ce ka ba shi. Kada ka kashe."

Tsawa ta yi gunji daga nesa. Janet ta ce in ruwa ya sauko farantin nan ba ya aiki, ta sha gani. Ta murɗa ƙarar na'urar har ƙarshe, ta zagaya baya ta karkata janareta don sauran man ya taru. Hure ta tsaya tsakanin tebur da ƙofa, tana jan Hayatu da magana don kada layin ya mutu a shiru. Ta ba shi labarin gero, da dangar da ta faɗi, da tunkiyar da ta haifi biyu. Muryarsa tana tsinkewa tana dawowa. Lasifikar masallaci ta kawo tahiya, Hure ta ji kamar liman bai taɓa jan salla irin ta yau ba. Ɗigon farko ya buga kwano.

Da aka sallame, mutane suka fito da gudu-gudu saboda hadari. Hure, wadda ba ta taɓa ɗaga murya a titi ba, ta fita tsakiyar hanya.

"Tanko! Tanko, zo don Allah! Mamuda, kai ma zo!"

Mamuda tela ne a shagon da ke maƙwabtaka, tare aka yi musu kaciya da Hayatu. Suka shigo suna kakkaɓe ruwa.

"Lahiya, Hure? Mi ya hwaru?"

"Ku yi mishi sallama."

Mamuda ya yi sallama yana waige-waige, bai san wa yake gaisarwa ba. Amsa ta jima, sannan ta fito.

"Wa nike ji haka? Mamuda mai karkataccen ɗinki?"

"La'ilaha illallahu! Hayatu? Kana da rai, ɗan banza?"

"Ina da rai. Ku shaida, kowace Juma'a ina kira, Makau ke ɗauka. Ku shaida ban saki matata ba."

"Mun ji," in ji Tanko. "Wallahi mun ji."

Ƙofa ta yi duhu. Makau ne tsaye, dardumar salla a kafaɗa, mutane sun fara taruwa a bayansa suna fakewa. Da ya tsaya ya yi musu wata ƙarya, wataƙila da ya sami mai saurare. Bai tsaya ba. Ya ture Tanko, ya faɗa bayan shago, ya kashe janareta a gaban kowa. Muryar ta yanke, ruwa ya kece.

Ba wanda ya taɓa shi. Mamuda ya jawo ƙofar shagon, ya sa kwaɗonsa na tela, ya jefa mabuɗin a aljihu.

Ranar Litinin Tanko da Mamuda suka ba da shaida. Makau ya fara cewa layi ne ya harɗe, irin abin na'ura. Alƙali ya ce to ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani a kan haka. Ya tsaya gaban buta, bai iya ɗagawa ba, daga nan ya faɗi yadda ya yi tun daga ranar cajin. Alƙali ya kori ƙarar, ya ce aure yana nan. Ya sa aka raka Makau shagon, ya cire lambar daga rajistar da hannunsa, Janet na tsaye a kansa. Juma'ar da ta biyo wayar ta yi ƙara a gindin aduwa, kuma ranar Inna ta ce a riƙe ta ta hau tudun.

Makau kuwa, an kama shi da shaidar zur da neman raba aure. Aka yi masa bulala arba'in a ƙofar kotu, aka rufe shagon, aka kai shi gidan yari shekara guda.