Ƙulli a Girkin Amarya

Tun da Gwaggo Biba ta ga an ɗaure kwaɓin fulawa a cikin farin ƙyalle an jefa shi a tukunyar tafasasshen ruwa, ta san yau akwai magana. Ta tsufa tana girkin biki a garinsu Kanan-Bakashe, amma ba ta taɓa ganin an yi wa abinci likkafani ba sai yau, kuma a hannun Fatiha, ɗiyar ƙanenta da ta goya tun uwarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe.

Ranar fara girkin amarya ce. Kowa a Tasawa, inda aka kawo ta, ya san abin da ake nema a irin wannan rana: tuwo mai laushi da miyar da ta ji daddawa, a kai wa uwar miji da maƙwabta, su ɗanɗana su san gidan da amarya ta fito. Kada a yi wa Fatiha ƙarya, ta tuƙa tuwon, kuma ya yi kyau. Sai dai yarinyar ta yi karatun aikin ruwa a Ingila, ta zauna gidan wata tsohuwar Baturiya da ta riƙe ta kamar jika, kuma ta dawo da girkin tsohuwar a ka. Ta rantse sai ta yi wa Hajiya Zara'u, uwar mijinta Moctar, wani abu na daban.

Na farko niƙaƙƙen naman tunkiya ne da albasa, aka lulluɓe shi da dakakken dankalin Turawa, aka kai gidan burodi aka gasa. Wai sunansa abincin makiyaya.

"Makiyayan ina?" in ji Biba. "Daga nan har Mayahi, nuna mini Bahillacen da ya taɓa ɓoye nama ƙarƙashin dankali. Ko barkono babu! Wanga ai abincin marar lahiya ne."

Na biyun shi ne mai likkafanin, sunansa fudin: fulawa da kitse da dabino da zabibi da kanumfari, tun safe yake dahuwa. Da aka kwance ya fito baƙi ƙirin, dunƙule guda. Fatiha ta miƙa mata ɗan gutsure, Biba ta kau da kai, ta ce ita da wannan abu har abada, kitse da sukari ba su taɓa zama kwano ɗaya a gidan ubanta ba. Fatiha ta yi dariya, ta yanko babban yanki daga wani gefe da ta yi wa alama, ta jera a langa mai murfi tare da abincin makiyayan, aka kai sashen Hajiya.

Ba a jima da la'asar ba aka ji salati daga can. Sai ga Hassana, yayar ango, ta faɗo ɗakin amarya ko sallama babu.

"Ki hito, Biba, ki zo ki ga abin da ɗiyarku ta ba uwarmu!"

Biba ta yafa mayafi ta bi ta. Tsakar gida ta cika da mata, har da waɗanda ba a kai wa tuwo ba, don labarin banza ya fi kwano saurin zagaya unguwa. Hajiya Zara'u na zaune kan tabarma tana kurkure baki da ruwan buta. A gabanta ga langar, ga yankin fudin da ta gatsa, ga kuma wani ɗan ƙulli a ƙasa, kamar ƙwayar gujiya da ta baje, an naɗe shi da takarda an ɗaure da zare. An ja baya an bar masa fili, ba mai son ko inuwarsa ta taɓa shi.

"A cikin abincin ta tauno shi," in ji Hassana. "Laya ce. Ko wata guda ba ta yi ba, har ta hwara neman rufe bakin tsohuwa. To wallahi uwarmu ta gama cin abincin hannunta, kuma in Moctar ya dawo daga aiki shi zaɓa, ko ita ko uwarshi."

Wata ta ce ai dama asirin 'yan boko ya fi ƙarfi. Wata ta ce a kira malam ya kwance, kada hannun mace ya taɓa. Hajiya Zara'u ta ture langar gefe, kuma wannan shi ya fi tsorata Biba. Matar da uwar miji ta daina cin girkinta, ko an bar ta a ɗaki ta riga ta fita daga gidan.

Ran Biba ya ɓaci. Ita za a gaya wa asiri? Ita da ta yi rainon yarinyar nan da surfe da daka, ba ta taɓa taka ƙofar boka ba ko lokacin da ciwo ya kusa ɗauke ta? Ta juya ta koma ɗakin amarya, ta tarar da Fatiha zaune a bakin gado.

"Ke, mi kika sa a ciki?"

"Sisi ne, Gwaggo," ta ce cikin kuka. "Tsohon kuɗin azurfa. Al'adarsu ce, ana ɓoye shi cikin fudin, wanda ya samu sai a yi mishi barka, a ce shekararshi za ta yi albarka. Tsohuwar Baturiyar nan ce ta ba ni, ta ce na kakarta ne, in sa wa wanda nike son in girmama. Na naɗe shi ne don kada ya ɓata abinci. Da gangan na yanka ma Hajiya wajen."

"To da kika ji ana salati, bakinki ina ya tahi?"

"Gwaggo, ni in tsaya gaban Hajiya in yi gardama?"

Nan Biba ta rasa wa za ta fara zagi. Turawan da suka rasa inda za su ajiye kuɗi sai cikin abinci? Ko wannan sakarar da ta ƙetare teku ta koyo yadda ake ɗaure abu da zare, ta manta abin da ƙulli ke nufi a garinsu? Ko kuwa kunyar da ita kanta Biba ta dasa mata, wadda yanzu ta ɗaure mata harshe ana yanka ta? Ta yi tsaki, ta koma tsakar gida.

Ba ta jira malam ba. Ta sunkuya ta ɗauki ƙullin da hannunta, mata suka yi baya da salati. Ta tsinke zaren da haƙori, ta warware takardar, ta ɗaga ta sama don kowa ya ga babu ko ɗigon tawada. Ɗan kuɗin ya faɗo tafin hannunta, ya sha jiki har hoton kansa ya kusa gogewa.

"Hajiya, ke da kinka yi fataucin Katsina da tsohonki, ki gaya musu mi ne ne wanga."

Hajiya Zara'u ta ƙura masa ido. "Sisi ne," ta ce a hankali. "Rabona da ganinshi tun ina budurwa."

Biba ta bayyana al'adar kamar yadda aka gaya mata, tana yi tana jin haushin kanta, wai yau ita ce lauyan girkin Ingila. Amma Hassana ba ta sauka ba. Ta ce kuɗi ma ai ana tofa musu, kuma wa ya san abin da aka kwaɓa a cikin baƙin abun nan, da ba wanda ya taɓa ganin irinsa? Matan suka shiga gyaɗa kai. Biba ta duba fuskokinsu, ta gane magana ba za ta wanke yarinyar ba.

Akwai abin da babbar mace ba ta yi a ƙasar nan, ko yunwa za ta kashe ta: ba ta cin abinci a gaban surukai. Tun da aka kawo amarya, Biba ko ruwa ba ta sha ba sai ta shige ɗaki ta saki labule. Yanzu kuwa ta gyara zane ta zauna a ƙasa, daf da tabarmar Hajiya, ta jawo langar. Ta ɗauki yankin nan da Hajiya ta gatsa ta bari, ta yi bismilla da ƙarfi, ta kai baki.

Mata suka zuba mata ido. Wata tsohuwa ta rufe fuska da mayafi don kunya ta kama ta a madadin Biba. Ita kuwa tana ta tauna, kitse na manne mata a dasashi, zaƙi na hawa mata kai, hawayen takaici na zuba, ba ta share ba. Ta cinye fudin tas, ta juya kan abincin makiyayan da ya riga ya huce, shi ma ta share shi, ta suɗe yatsu a gaban kowa.

"In akwai asiri, ga shi nan cikina," ta ce. "Ku zauna ku gani in zan bi amarya ina rawa. Na zubar da girmana a gidanku yau, kuma ban yi nadama ba. Amma ɗiyar da na goya ba ta san ƙohwar boka ba. Laihinta guda, ta so ta girmama tsohuwa da abincin da ba shi da barkono."

Ta ajiye sisin a bakin tabarma, ta tashi ta shige ɗaki. Ta saki labule. Ta san kafin ta koma Kanan-Bakashe labari ya riga ta: Biba ta zauna gaban surukai tana suɗar kwano. Fatiha ta matso za ta yi magana, Biba ta daka mata tsawa ta ce ta ba ta ruwa, bakinta duk kitse.

Da magariba ta kawo jiki aka yi sallama. Hajiya Zara'u ce da kanta, ita da ba ta taɓa taka ɗakin ba, riƙe da langar a wanke, cike da goro. Ba ta dubi Biba ba, Biba ma ba ta dube ta ba.

"Amarya," ta ce daga bakin ƙofa, "tuwonki na rana, in da saura a ɗumama mini. Ban ci komi ba."

Da ta juya za ta tafi, Biba ta hangi gefen zanenta. An yi sabon ɗauri a wurin, ɗan ƙarami, daidai girman sisi.